Masu Zuhudu da Abin da Suka Yi wa Jama'a

Kafin a fara darasi, sai a karanta 1 Sarakuna 19:1-18 da Markus 6:30-44.

Gabatarwa

Akwai wani tunani da yakan zo wa mai bi, tun ba saurayi wanda ya fara jin daɗin addu'a ba. Yakan dubi wahalar gona, da hayaniyar kasuwa, da rigimar dangi, ya ce a ransa, da zan rabu da waɗannan duka, da na bauta wa Allah da zuciya ɗaya. Magidanci kuma yakan yi zaton shi ƙaramin Kirista ne, da yake yawancin kwanakinsa suna ƙarewa wajen neman abinci. Wannan tunani ya daɗe a duniya, ba kuwa cikin ikkilisiya kaɗai ba. Shekaru fiye da 2,400 ke nan ana samun mutane cikin addinai dabam dabam waɗanda sukan bar aure da dukiya, su keɓe kansu ƙarƙashin ka'ida mai tsanani. Su ne muke kira masu zuhudu cikin wannan darasi, mazauninsu kuwa gidan zuhudu. Za mu bi labarinsu mu ga dalilin fitarsu daga gari, da abin da gari ya samu daga gare su, da inda suka yi tuntuɓe. Sa'an nan mu auna tunanin nan namu da Maganar Allah.

1. A Indiya da ƙasashen gabas

Tun zamanin dā mabiya addinin Hindu suna raba ran mutum kashi huɗu: lokacin karatu, lokacin riƙon gida, lokacin janyewa, da na ƙarshe inda tsoho yakan bar kome ya shiga yawo da sandarsa. Amma wanda ya fi kowa shirya masu zuhudu su zama ƙungiya mai doka shi ne Buda, wanda ya zauna a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu. Ya kamata mu lura nufinsu dabam ne da namu. Ba zumunci da Mahalicci suke nema ba. Suna neman kuɓuta daga kwaɗayi da sake haihuwa, bisa ga koyarwarsu.

Mai zuhudu na Buda yakan aske kansa, ya yafa mayafi, ya ɗauki ƙwaryar bara da safe. A ƙasashen Tailan da Bama da Siri Lanka yana ƙarƙashin dokoki 227, ba ya kuwa cin abinci bayan tsakar rana. Da fari almajiran Buda masu yawo ne, amma an umarce su su zauna wuri ɗaya wata uku na damina. Sarakuna da attajirai suka gina musu masauki, masaukan nan kuwa suka zama gidajen zuhudu.

Ga abin lura. Mutumin da ba ya noma, ba ya dafuwa, ba shi da ikon yin nisa da gari, gama kowace safiya sai ya tsaya a ƙofar mutane. Mutanen gari suna ciyar da shi, shi kuma yana koya musu. A Bama da Tailan gidan zuhudu shi ne makarantar ƙauye shekaru ɗaruruwa, a can yara maza suka koyi karatu da rubutu. A Nalanda ta Indiya gidan zuhudu ya zama babbar makaranta tun ƙarni na 5, har ɗalibai suna zuwa daga ƙasar Sin.

2. Cikin Isra'ila

Shari'ar Musa ba ta kafa gidan zuhudu ba. Akwai wa'adin keɓaɓɓe cikin Littafin Ƙidaya sura 6, inda mutum yakan bar ruwan inabi da aski, amma yawanci na ƙayyadadden lokaci ne, ba ya kuwa hana aure. Iliya da Yahaya Mai Baftisma sun zauna a jeji, amma daga jejin suka fito suka tsaya gaban sarakuna da maganar Ubangiji.

Kusa da zamanin Ubangijinmu an yi wata ƙungiya ta Yahudawa da ake kira Esiniyawa. Marubutan zamanin sun ce yawansu ya kai wajen 4,000, suna haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, da yawa cikinsu kuwa ba su yi aure ba. Masana da dama suna ganin su ne suka zauna a Kumran, bakin Tekun Gishiri, wurin da sojojin Roma suka rushe a shekara ta 68. A shekara ta 1947 makiyaya suka tarar da naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a kogwannin wurin. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kofen Ibrananci da aka sani a dā da wajen shekara 1,000. Ashe mutanen da suka guje wa Urushalima sun ajiye mana shaida cewa an kiyaye rubutun Tsohon Alkawari da aminci.

3. Hamadar Masar

Zuhudun Kirista ya yi ƙarfi ne a Afirka tukuna. An haifi Antoniyos a Masar wajen shekara ta 251. Yana da kamar shekara 20 iyayensa suka rasu, suka bar masa gonaki da ƙanwa ɗaya. Wata rana ya ji ana karanta labarin saurayin nan mai arziki cikin Matiyu 19, ya ɗauki maganar tamkar da shi ake yi. Ya rabar da abin da ya mallaka, ya danƙa ƙanwarsa ga waɗansu mata masu ibada, ya shiga hamada. Ya yi wajen shekara 20 cikin wani tsohon kango, yana fama da jaraba. Amma sa'ad da aka tsananta wa masu bi a shekara ta 311, ya sauko Iskandariya domin ya ƙarfafa waɗanda ke kurkuku. Daga baya ya koma wani dutse kusa da Bahar Maliya, ya yi ɗan lambu don kada ya nawaita wa masu kawo masa abinci. Ya rasu a shekara ta 356.

Bayan shekara ta 313, lokacin da Sarki Kustantin ya ba Kirista 'yancin sujada, shiga ikkilisiya ta zama da sauƙi, har da riba. Waɗanda suka ga sanyin da ya shigo suka riƙa bin sawun Antoniyos dubbai.

Bakomiyos ya bi wata hanya. Iyayensa masu bautar gumaka ne. An kama shi soja tilas yana saurayi, aka kulle shi tare da abokansa a birnin Tebes. Da dare waɗansu baƙi suka kawo musu abinci, da ya tambaya aka ce masa Kirista ne, haka suke yi wa kowa. Wannan alheri ne ya jawo shi ga bangaskiya, bai kuwa manta da shi ba. Wajen shekara ta 320 ya kafa gida a bakin Kogin Nilu inda masu zuhudu za su zauna tare, su ci tare, su yi aiki tare. Suna saƙar tabarmi da kwanduna, suna noma, suna ba matalauta daga abin da ya ragu. Ya kafa doka cewa duk wanda ya shigo bai iya karatu ba, lalle a koya masa. Kafin rasuwarsa gidajen maza sun kai tara, na mata biyu.

4. Basil da Benedikt

Waɗansu sun wuce gona da iri wajen azabtar da jiki. Saminu na ƙasar Suriya, wanda ya rasu a shekara ta 459, ya yi fiye da shekara 30 a bisa kan ginshiƙi kusa da Halab. Ko shi ma bai tsira daga jama'a ba, gama mutanen ƙauyuka sun riƙa zuwa gindin ginshiƙin da shari'unsu.

Basil, wanda ya zama bishop na Kaisariya ta Kafadokiya a shekara ta 370, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya ga aibin zaman kaɗaici. Hujjarsa ita ce, umarnin ƙauna ba ya cikuwa sai da maƙwabci. Wanda yake zaune shi kaɗai ba shi da wanda zai yi wa haƙuri, ba shi da wanda zai yi wa hidima, ba shi kuma da mai faɗa masa laifinsa. Yayarsa Makirina ta riga ta mai da gidan gadonsu mazaunin mata masu ibada, inda uwargida da baiwa suke ci daga akushi ɗaya. Da aka yi yunwa a ƙasar wajen shekara ta 368, Basil ya sayar da gadonsa ya ciyar da mayunwata. Daga baya ya gina wata unguwa a bayan birni, da masaukin baƙi, da wurin jiyyar marasa lafiya da kutare. Ana lasafta wannan cikin asibitoci na fari a tarihi.

A Italiya Benedikt ya kafa gida a bisa dutsen Kasino wajen shekara ta 529, ya rubuta ka'ida mai sura 73 wadda har yau ana bin ta. Ya raba yini tsakanin addu'a, da karatu, da aikin hannu. 'Yan'uwa sukan taru sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, su rera Zabura 150 duka cikin mako guda. Ya hana tsanani marar amfani, ya yi tanadi domin tsofaffi da yara da marasa lafiya. Ya umarta a karɓi baƙo da girmamawa saboda Almasihu, bisa ga Matiyu 25. A zamanin da ɗan sarauta yake ganin riƙon fartanya abin kunya ne, Benedikt ya sa ɗa da bawa su yi aiki ɗaya, girma kuwa bisa ga ranar shigowa ne, ba bisa ga asali ba.

5. Bashin da ke kanmu

Kowane mai riƙe da Littafi Mai Tsarki yana da bashin godiya ga waɗannan mutane. Kafin a ƙago injin buga littafi a Turai wajen shekara ta 1450, da hannu ake kwafe kowace kalma, masu zuhudu ne kuwa suka ɗauki mafi yawan wannan aiki. Wajen shekara ta 700 waɗansu a arewacin Ingila suka rubuta Littafi Mai Tsarki dukansa da Latin a kan fatun 'yan maruƙa wajen 500. Yana nan har yanzu a birnin Fulorans. A gidan zuhudu na Dutsen Sina'i aka adana wani kofe na Helenanci daga ƙarni na 4, wanda masu fassara suke dogara gare shi har wa yau. Wajen shekara ta 405 wani mai zuhudu, Mesrob, ya ƙago wa Armeniyawa haruffa domin su karanta Maganar Allah da harshensu.

A Habasha kuma gidajen zuhudu ne suka riƙe bangaskiya da ilimi cikin yaƙe-yaƙe masu yawa. Gidan Debre Damo yana bisa kan dutse, ba a hawansa sai da igiya. A gidan Abba Garima akwai littattafan Bishara da harshen Ge'ez waɗanda suka fi shekara 1,300.

6. Cikin Musulunci

Maƙwabtanmu Musulmi ba su da irin wannan tsari na barin aure har mutuwa, gama malamansu suna koyar da cewa aure sunna ne. Alƙur'ani ya ambaci ruhbananci cikin Suratul Hadid a kan abu ne da Kirista suka ƙago wa kansu, cikin Suratul Ma'ida kuma ya ambaci masu zuhudun Kirista da rashin girman kai. Duk da haka kalmar nan zuhudu daga wurinsu Hausa ta same ta. Hasanul Basari, wanda ya rasu a shekara ta 728, da Rabi'atul Adawiyya ta birnin Basra, sun shahara da gudun duniya. Mun san i'itikafi na goman ƙarshe na watan azumi, mun san halwa, inda mutum yakan keɓe kansa kwanaki sa'an nan ya komo cikin iyalinsa.

Zawiyoyin ɗariƙu kuma sun yi wa jama'a aiki irin na gidajen zuhudu, ko da yake shehunansu magidanta ne. Ɗariƙar Sanusiyya, wadda aka kafa a shekara ta 1837, ta gina zawiyoyi cikin Sahara a kan hanyar fatake daga Bangazi ta Kufra zuwa Wadai. A zawiya matafiyi yakan sami ruwa da masauki, yara su sami karatu, kabilu masu gaba kuma su sami mai sulhunta su.

7. Inda aka yi tuntuɓe

Tuntuɓe na fari dukiya ce. Mutane sukan ba masu zuhudu kyauta saboda talaucinsu, aikin hannunsu kuma yakan yi albarka, har gidan da aka kafa domin gudun dukiya ya zama shi ne mai gonaki mafi yawa a ƙasar. An gudu ba a tsira ba. A shekara ta 1098 waɗansu suka fita suka kafa sabon gida a Sito ta ƙasar Faransa domin su koma ga talauci da aikin hannu. Ba a yi shekara 200 ba gidajensu na Ingila suka shiga cikin manyan masu sayar da gashin tumaki. Dukiyar nan kuwa ta jawo idon sarakuna. A shekara ta 845 sarkin Sin ya rushe gidajen Buda wajen 4,600, ya mai da masu zuhudu fiye da 260,000 cikin masu biyan haraji. Daga 1536 zuwa 1540 Sarki Henri na 8 ya rufe gidaje fiye da 800 a ƙasarsa ya ƙwace kayansu, matalauta da yawa kuwa suka rasa wurin samun taimako.

Tuntuɓe na biyu ya fi wannan muni, watau zaton cewa akwai Kirista iri biyu, na sama masu wa'adi, da na ƙasa masu aure da sana'a, da kuma zaton cewa azumi da rashin barci suna sayen gafara. Martin Luta ya shiga gidan zuhudu a Erfurt ta Jamus a shekara ta 1505. Ya kiyaye ka'ida da iyakar ƙarfinsa, amma lamirinsa bai sami salama ba sai da ya gane daga wasiƙar Romawa cewa ta wurin bangaskiya ake kuɓutar da mai zunubi. A shekara ta 1525 ya auri Katarina, wadda dā mai zuhudu ce. Ya koyar da cewa manomi a gonarsa da uwa wajen renon ɗanta suna cikin kiran Allah daidai da kowa. Manzo Bulus ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan cikin Kolosiyawa 2:20-23 da 1 Timoti 4:1-5.

8. A zamaninmu

Zuhudu bai ƙare ba. Wani firist ɗan ƙasar Ibo, Michael Iwene Tansi, ya shiga gidan zuhudu a Ingila a shekara ta 1950, ya rasu can a 1964. Daga gidan nan aka kafa wani kusa da Bamenda ta Kamaru a 1963. A Ewu ta Jihar Edo mabiya ka'idar Benedikt sun zauna tun 1979, an kuwa san su da haɗa magunguna daga itatuwa. A Tibhirin ta Aljeriya waɗansu masu zuhudu Faransawa sun zauna cikin ƙauyen Musulmi. Ɗayansu likita ne, ya yi wajen shekara 50 yana duba marasa lafiya. Da yaƙi ya tashi aka gargaɗe su su tafi, suka zaɓi zama tare da maƙwabtansu da ba su da wurin gudu. A shekara ta 1996 aka kama bakwai daga cikinsu da dare, aka kashe su.

9. Abin da za mu koya

Bari mu koma ga karatunmu. Iliya ya gudu zuwa Horeb da karyayyar zuciya, yana tsammani shi kaɗai ya rage. Allah bai tsauta masa saboda gajiyarsa ba. Ya ciyar da shi, ya yi magana da shi cikin kaɗaici, sa'an nan ya komar da shi da aiki a hannu, ya kuma sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Cikin Markus 6 Yesu da kansa ya kira manzanni su keɓe su huta, gama ko zarafin cin abinci ba su samu ba. Amma da taro ya riga su isa wurin, ya ji tausayinsu, ya koya musu, ya kuma sa almajiran nan gajiyayyu su raba gurasa. Bayan wannan ya hau dutse shi kaɗai domin addu'a.

Tarihin da muka bi ya yi daidai da wannan. Masu zuhudun da ake tunawa da su da alheri su ne waɗanda keɓewarsu ta haifi abinci ga mayunwaci, da magani ga majiyyaci, da littafi ga jahili. Inda aka rufe ƙofa domin tara lada ko dukiya, abin ya lalace.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan zuciyarka tana marmarin kaɗaici, kada ka raina wannan marmari. Ubangiji ya ce akwai waɗanda aka ba baiwar zama ba aure saboda Mulkin Sama, Bulus kuma ɗaya ne daga cikinsu. Amma ka bincike kanka. Idan gudun tsohuwar mahaifiyarka kake yi, ko bashi, ko wani ɗan'uwa da ka ƙi gafarta masa, to, halinka zai bi ka har cikin kogon dutse. Kai kuma magidanci, da ke uwargida, kada ku ce addu'a ta masu sukuni ce. Masu zuhudu sun yanka wa addu'a lokacinta, ba su jira sai aiki ya ƙare ba, gama aiki ba ya ƙarewa. Wanda ya tashi da asuba ya karanta Zabura ɗaya kafin ya ɗauki fartanya, ya riga ya kama abin da ya fi kyau cikin ka'idar Benedikt.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai zuhudu na Buda ba ya iya yin nisa da gari? Wane amfani gari ya samu daga wannan?
2. Wane bambanci ke tsakanin hanyar Antoniyos da ta Bakomiyos? Me ya jawo Bakomiyos ga bangaskiya?
3. Wace hujja Basil ya kawo a kan zaman kaɗaici? Ku gwada ta da Yahaya 13:1-17.
4. Ta yaya dukiya ta shiga gidajen da aka kafa domin talauci? Ko ikkilisiyarmu tana cikin irin wannan hatsari?
5. Wane lokaci ne za ka keɓe domin addu'a kowace rana cikin makon nan, wane mabukaci ne kuma za ka ziyarta?